Jan Wardin Kawu

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yaran, da gandun furannin nan da ya ɗauke ka ya hana ka waiwayo mu. Innarka ce, matar kawunka. Takarda na rubuto don ka san kunnena da waya ba sa shiri, sai in yi ta "iye? iye?" har mutum ya gaji ya kashe.

Jikin kawunka da sauƙi, haka dai ake cewa. Wata biyar ke nan da shanyewar ɓarin jikin. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana ma ba ta dawo ba, sai nuni da hannun hagu. Hankalinsa kuwa ras yake. Likita ya ce kada a fito da shi daga ɗaki tukuna, kada kuma a gaya masa abin da zai tayar masa da hankali.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Lambun bayan gida zai kashe ni. Shekara arba'in ina kan keken ɗinki, shi yana cikin ƙasa, ban taɓa masa shuka ba, bai taɓa mini zare ba. Yau ga ni da butar ban-ruwa ina zagaye kamar baƙuwa a gidana. Wadda ta hau katanga, da yake kira 'Yar-takarda, ta cika ganye fal, fure ko ɗaya babu, alhali safe da yamma nake shayar da ita. Masu kaurin ganyen nan na cikin tukwane sun fara ruɓewa daga gindi. Ƙarfe-goma ce kaɗai mai mutunci, hantsi na yi za ta buɗe, la'asar ta rufe, ba ruwanta da kowa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar damuwata jan wardin nan ne na kusa da famfo. Ka san daga lambun asibitin da ya yi wa aiki shekara talatin ya samo irinsa, kuma wurin yanzu an zuba masa siminti ana ajiye motoci. Babu wani sai wannan. Tagar ɗakinsa titi take kallo, ba ya hango lambun, don haka kullum da safe sai ya nuna bayan gida ya taɓa hancinsa. Ni kuwa in ce, "Lafiyarsa ƙalau, Malam, ya kusa fure." Ƙarya nake yi, Dogo. Ganyen ya yi rawaya da ɗigon baƙi yana zubewa, kuma tun da ya kwanta bai yi fure ba.

Abin da ke riƙe da bawan Allahn nan shi ne ranar da za a tura shi a keke ya shaƙi furen nan. Shekara takwas ka yi a gidan nan yana koya maka, uwarka ma 'yar ƙanen babansa ce, ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Ka gaya mini abin yi.

Innarka

*

Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, sai ƙaramar da ke haƙori ta hana kowa sukuni. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah Ya ba Kawu lafiya, ke kuma Ya biya ki. Na ji kunyar daɗewar da na yi ban zo ba, ba ni da bakin kare kaina.

Amma Inna, ki yi haƙuri, sai da na yi dariya. Ba rashin kulawa ke kashe shukokin nan ba, kulawar ce ta yi yawa. Yadda kike ɗura mini abinci har in kasa tashi, haka kike yi musu da ruwa. 'Yar-takarda ba ta fure sai ta sha ƙishi. Ki bar ta sati biyu ko kallonta kada ki yi, za ki ga katangar ta koma ja. Masu kaurin ganyen kuwa ruwansu na cikin ganyensu. Ki cusa yatsa cikin ƙasar tukunyar, in kin ji danshi ki wuce abinki. Mai ganye kamar gashin kaza da ke ƙarƙashin rumfa ita ce mai son inuwa da yayyafi, kada ki fitar da ita rana don tausayi.

Wardi kuma sarki ne, hidima yake so. Baƙin ɗigon nan daga jiƙa ganye yake zuwa. Na san da tiyo kike fesa shi daga sama kamar mai wanke mota. A gindi za ki zuba, da sassafe, rabin bokiti, kwana biyu sau ɗaya. Ki tsince ganyen da ya kamu, har wanda ya zube ƙasa, ki zubar nesa. Ki tona gefen gindin kaɗan ki sa tsohon takin da ke buhu a bayan rumfa. Duk reshen da kika ga ya mutu ki yanke shi, kada ki ji tsoro, yanka ba ya kashe wardi.

Ina tuna ranar da ya fara buɗewa da yawa, Kawu ya sa muka fito da tabarma muka karya a gefensa, ke kina faɗa wai an mayar da ke baiwar fulawa. Har yau a gandun nan namu mai wardi kala goma sha ba na jin mai ƙamshin wancan.

Ki riƙe masa hannu ki ce Dogo na gaishe shi.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Ya mai haƙori? Kawunka ya fara zama a bakin gado da matashi a bayansa, har ya riƙe kofi da kansa.

Albishirinka! Ashe dai ba a banza ka ci tuwon gidan nan ba. 'Yar-takarda ta fara ja a saman katanga, na tsaya ina mata tsiya, na ce ashe ke 'yar wulaƙanci ce, sai an yi banza da ke. Wardin kuwa, bayan takin nan da sati biyu, sai ga sabbin rassa huɗu sun ɓullo daga cikin ƙasa a gindinsa. Kore shar, miƙaƙƙu, ƙayoyi ƙanana, kullum sai sun ƙara tsawo. Ɗaya har ya kai ƙuguna.

Tsohon jikin ne dai ke ba ni tausayi. Ya yi baƙi, ya kanannaɗe, ganye ƙalilan, ga wani ƙulli a ƙasansa kamar gwiwar mai ciwon sanyi. Gani nake shi ke shanye wa sabbin abinci.

Jiya na kasa haƙuri na ba kawunka labarin sabbin rassan. Ka ga yadda ya zabura! Ya dinga buga katifa, yana haɗa yatsu biyu yana buɗewa kamar almakashi, yana nuna bayan gida. Na ce, "Na gane, Malam, yanka kake so a yi." Ya gyaɗa kai da ƙarfi.

To kafin in sa hannu, ka gaya mini: in cire tsohon gaba ɗaya, ko in rage? Ka yi sauri.

Innarka

*

Dogo,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko akwai mai amsawa ba. Sati biyar! Ko hannunka ne ya karye? In kuma tambayoyin tsohuwa ne suka ishe ka, ai sai ka faɗa, ba yau aka fara ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kawunka ya hana ni sakat. Da na shigo da ruwan wanka sai yatsu biyu, da na kawo magani sai yatsu biyu. Har ya ƙi cin abinci ranar Laraba, ya juya fuska bango. Na ce wannan jiran naka zai kwantar mini da miji a karo na biyu.

Sai na ɗauko takardar nan taka. Da hannunka ka rubuta cewa duk reshen da ya mutu in yanke, yanka ba ya kashe wardi. Ni kuma ba yarinya ba ce a wajen almakashi. In riga ta tsufa aka kawo mini, inda ya mutu nake cirewa in bar inda ke da ƙwari, haka na yi shekara arba'in ba wanda ya dawo mini da ɗinki. Almakashin lambun ya yi tsatsa, nawa na ɗinki ya kasa, sai da na aro zarto wurin maƙwabcinmu direba. Na yanke tsohon daga can ƙasa, har da ƙullin nan mai ciwo, na share wurin tas.

Ka zo ka ga ikon Allah. Rassan sun zama bakwai, sun wuce kaina, har sai da na kafa musu sanda. Na shiga na ce, "Malam, an yi yankan." Ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya, ranar ya cinye abincinsa duka. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na satin nan tun kafin ya kwanta.

Ka ga ba sai da kai ba. Duk da haka ka rubuto in ji ko lafiya, don shirun ya fara ba ni tsoro.

Innarka

*

Inna,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lafiyarmu ƙalau, ba ciwo ya hana ni ba. An tura mu dasa furanni a wani sabon otal mai nisa, sati shida muna can. Yau na dawo na tarar da takardunki biyu a kan teburin ofis, ɗaya kan ɗaya. Na buɗe ta farko na ɗauki biro da sauri, sai na buɗe ta biyu na ajiye biron.

Ban san yadda zan faɗa ba, amma ɓoyewa ba ta da amfani. Wardin Kawu mai aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Itace biyu ne a jiki ɗaya. Jan wardin nan jijiyarsa ba ta da ƙarfi, ba ya jure ƙasar gidan. Shi ya sa Kawu ya dasa wardin daji mai taurin rai, ya tsaga gindinsa, ya cusa ɗan reshen jan, ya ɗaure har suka haɗe. Ƙullin da kika gani ba ciwo ba ne, nan ne mahaɗar. Daga ƙullin zuwa sama shi ne jan wardin Kawu. Duk abin da ya fito daga ƙasa da ƙullin na daji ne. Ki ƙirga ganyen da ke tsinke ɗaya, za ki ga bakwai, na jan biyar ne. In ya yi fure, ƙanana ne farare, babu ƙamshi.

Sabbin rassan Kawu ke cewa ki yanke. Su ne ke shanye tsohon.

Inna, laifina ne, wallahi laifina ne. Abin da aka fara koya mini ke nan a lambun nan, har ya zame mini kamar sanin hannun dama da na hagu, ban taɓa tunanin sai na rubuta shi ba. Na zauna ina ba ki labarin tabarma da karin kumallo, na bar maganar da ta fi kowace.

Yanzu ki tashi ki duba abu biyu. Ki tone ƙasar gindin da yatsa, ko saura ɗan guntun ƙullin, ko da kamar farce ne, wani lokaci yana tohowa. Sannan rassan da kika yanke, ina suke? In suna inuwa kuma akwai mai ɗan kore a ƙarƙashin ɓawo, ki naɗe su da jiƙaƙƙen buhu. Na nemi hutu, maigidanmu ya ce sai an gama dashen damina, amma zan sake roƙo.

Dogo

*

Dogo,

Na gaishe ka. Kawunka na nan yana samun ƙarfi, ni ce ba lafiya.

Na tone har farcena ya yi jini. Babu ƙulli, babu ɓurɓushinsa, na gaya maka ni mai tsabtar aiki ce. Rassan kuwa tun ranar na tura su cikin kwandon shara, motar shara ta kwashe washegari. Na ƙirga ganyen, Dogo. Bakwai. Na bi reshe reshe ko zan sami mai biyar, har ido ya yi mini ciwo. Garin neman gira na rasa ido.

Ka daina cewa laifinka ne, ba kai ka riƙe zarto ba. Mutumin nan yana kwance yana roƙona da yatsu biyu in ceci abinsa, na fita na kashe, na dawo na yi masa albishir, ya ci abinci saboda murna. In na tuna wannan sai in ture kwanon abincina.

Ga wata kuma. Likita ya zo jiya ya ce nan da kwana goma za a iya fito da shi ya sha iska. A gabansa ya faɗa. Tun daga lokacin ƙirga kwanaki yake yi da yatsu, har ya sa na ɗauko masa hular da yake sawa in zai shiga lambu na rataye a jikin gado.

Ka taimake ni. A gandunku ba za a rasa jan wardi babba ba. Ka aiko da ɗaya, in tumɓuke wannan ɗan dajin in dasa shi a wurin. Idonsa ya yi rauni, wataƙila ba zai gane ba. Kada ka yi mini wa'azi, na san ƙarya ce.

Innarka

*

Inna,

Gaisuwa da fatan sauƙi gare ku duka. Na zaɓi wanda ya fi kama da shi, na ba mai motar da ke kai mana kaya garinku, zai sauke miki ranar Asabar. Ba zan hana ki ba.

Sai dai ki sani, Kawu zai gane. Mutumin da ke shafa ganye ido rufe ya faɗi sunan shuka, sabon dashe ba zai ruɗe shi ba, ƙasar kaɗai za ta tona asirin. Ina tsoron ya ga an yanke masa wardi kuma an mayar da shi yaro. In da ni ne, da na zauna a bakin gado na gaya masa tun yanzu. Amma ke kika zauna da shi shekara arba'in, kin fi ni sanin abin da zai iya ɗauka.

Dogo

*

Dogo,

Na san maƙwabcinmu direba ya kira ka ya gaya maka, kuma ya ce kana neman motar tahowa. Duk da haka sai na rubuta, don akwai abin da ba zan iya faɗa maka baki da baki ba. Allah Ya yi wa kawunka rasuwa ranar Alhamis da hantsi. Likita ya ce ciwon ne ya sake bugowa, wai dama yakan yi haka, kada in ɗora wa kaina. Shi dai ya faɗi nasa.

Wardinka ya iso. Na ɗauki fartanya na tsaya a kan na dajin, na kasa. Na ajiye naka a gefen famfo cikin ledarsa. Gaya masa kuma, sau uku ina zama a bakin gado, sau uku ina tashi da maganar a bakina.

Ranar Litinin direba ya taya ni muka sa shi a keke, da hularsa a ka. Ya ga 'Yar-takarda ta rufe katanga da ja, ya yi murmushi da rabin bakin nan. Muka zagaya rumfa. Tun daga nesa na ga kafaɗarsa ta sauka. Bai ƙirga ganye ba, bai ma buƙata ba. Ya nuna a matsa da shi, ya sunkuya har na ji tsoron zai faɗo, ya sa hannu a gindin ya lalubo kututturen da na bari. Ya daɗe yana shafa wurin yankan da babban yatsa. Hawaye na zuba ta ido ɗaya.

Na durƙusa na ce, "Malam, ni ce. Ban sani ba." Ya dubi ledar da ka aiko, ya dubi rassan dajin, ya kama ɗaya mai kaurin fensir yana murza shi. Sai ya saki, ya cafke wuyan hannuna na dama, wanda na yi yankan da shi. Riƙo mai ƙarfi, Dogo, ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Yana jan hannun zuwa wajen itacen, yana ƙoƙarin magana, ba abin da ke fita. Na ɗauka so yake in taɓa ɓarnata in gani. Na ce, "Na gani, Malam, na gani, ka yafe mini," na fizge hannuna na shige ɗaki ina kuka. Direba ne ya mayar da shi gado.

Kwana uku ya ƙara. Yana karɓar abinci daga hannuna, yana bina da ido, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Da ma ya iya magana ya zage ni tas, da na huta.

Shatin yatsunsa ya kwana biyu a hannuna. Kai ka san shi a cikin lambu, ni a ɗaki kawai na san shi. Don girman Allah kada ka lallashe ni, gaskiya nake so. Da fushina ya tafi?

Innarka

*

Inna,

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta, Ya ba mu haƙuri. Motar sai jibi, shi ya sa na ba mai kai kaya wannan takardar ta riga ni isowa. Ba zan bar ki da tambayar nan kwana biyu ba.

Ba lallashi zan yi ba, abin da na sani zan faɗa. In Kawu ya yi fushi da mutum a lambu ba ya taɓa shi. Karɓe almakashin yake yi, ya miƙa masa tsintsiya, ya juya baya. Wannan na sha shi ba adadi.

Reshe mai kaurin fensir shi ake nema in za a yi aure. Ya ga gindin daji mai rai, ya ga jan wardi a leda, hannunsa ɗaya ne, aikin kuma na hannu biyu ne. Wuyan hannu yake riƙe wa mutum in zai koya masa yadda ake tsaga gindin, don kada wuƙar ta zarce. Ba ya yi wa kowa haka sai wanda ya yarda ya bar wa itacensa.

Kada ki tumɓuke komai, ki zuba wa na ledar ruwa kaɗan a gindi. Shekara biyu na yi ina sharar ganye a gidan nan, Inna, kafin ya riƙe nawa hannun.

Ɗanki,
Dogo